Hajiya, jikinki ne jarin farko: kada ki karya shi garin neman ramewa

Yau filin namu zai taɓo wata magana da ta yi yawa a rumfuna, tun daga babbar kasuwar Maraɗi da kasuwar Dole ta Damagaram har zuwa Tawa da Katako ta Yamai, wato maganar rage ƙiba. Mace za ta tafi likita saboda ciwon kai ko ciwon gwiwa, a auna ta a ce tansiyonta ya hau, ko kuwa sukari ya yi mata yawa a jini, a ɗora ta bisa sikeli, sannan a sallame ta da magana guda: "Hajiya, sai kin rage jiki." Ta gwada wata guda, ta gwada wata biyu, sikeli ya ƙi motsi, ko kuwa ya sauka da kilo 3 ya koma ya hau da kilo 4. Daga nan sai ta shiga zagin kanta: ni dai ba ni da zuciya, ni dai kwaɗayi zai kashe ni, dube ni kamar buhun gero. To wannan zagin kai shi ne abin da nake son mu tsaya a kansa yau, domin a ganina shi ne ke hana ƙoƙarin mata da yawa ya kai gaci.

Da farko bari mu faɗi gaskiya tsakaninmu. Matar kasuwa da ke son rage jiki a ƙasar nan, gaba kura ne baya sayaki. In ta zauna da ƙibarta, ƙananan yara su yi mata dariya wajen hawa kabu-kabu, mai adaidaita ya ce kuɗin mutum biyu za ta biya, ƴan matan zamani su riƙa kallon ta suna zunɗe. In kuwa Allah ya taimake ta ta ɗan zube, sai maƙwabtan rumfa su fara raɗa: ko jari ne ya karye? Ko bashi ne ya hau ta? Ko Alhaji ne zai ƙaro aure? Ko wani ciwo ne ake ɓoyewa? Waɗanda suka yi kasuwa a shekarun da tsoron Sida ya cika gari ba su manta ba yadda rama kawai kan isa ta kore wa mai abinci masu ciniki. Ke nan bakin mutane ba shi da inda yake tsayawa, duk wadda ta ce da shi za ta auna jikinta kuwa ba za ta taɓa samun kwanciyar rai ba.

Kuma mu tambayi kanmu, wa ya koya wa matanmu son ƙiba? Mu ne. Ƙasar da ta ga yunwar 1973 zuwa 1974, ta ga ta 1984 wadda tsofaffi ke kira El Buhari, ta kuma ga matsalar abinci ta 2005 da ta fi tsanani a jihohin Maraɗi da Damagaram, ba abin mamaki ba ne in ta ɗauki cikar jiki alamar rufin asiri. Amarya in ta yi wata uku ba ta murje ba, dangi su ce miji ba ya kula da ita. Mai jego a dinga ɗura mata kunun kanwa da gasasshen nama har kwana arba'in, in ta fito ba ta yi ɓul-ɓul ba a ce uwarta ta gaza. A ƙasar Zabarmawa an san bukin Hangandi, inda wadda ta fi kowa cika ido ita ke cinye gasa. Alhaji ma in ya ajiye teɓa sai a ce arziki ya zauna. Shekara ashirin ana yaba wa mace a kan abu, rana ɗaya a juyo a ce laifinta ne, ai wannan ba adalci ba ne.

Ga kuma yanayin sana'ar kanta. Mai rumfa tana zaune ne tun hantsi har magariba, domin in ta tashi ciniki ya wuce ta. Abincin da ke zuwa inda take shi take ci: shinkafa da mai, taliya, fanke, ƙosai, burodi da mayonez, lemo mai sanyi saboda zafi, shayi zagaye uku da sukari. Ta dawo gida a gajiye, ga girki, ga yara, ga lissafin bashi, barci bai wuce awa biyar ba. A haihu sau shida, sau bakwai, kowace haihuwa ta bar ƴan kilo. Wanda bai taɓa zaman rumfa ba shi ne zai ce wannan lalaci ne. Jikin nan da ake raina wa shi ya biya kuɗin lakwal, shi ya yi kayan ɗakin ɗiya, shi ya kai tsohuwa Maka.

Kada a ɗauka ina cewa ƙiba ba ta da illa. Tana da ita, kuma babba. Tana jawo ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, tana cinye gwiwa, tana sa naƙuda ta yi wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane mutum 8 a duniya yana ɗauke da ƙibar da ta kai matsayin cuta, kuma a tsakanin manya adadin ya ninka fiye da sau biyu daga 1990. Wadda lokotoro ya ce ta rage, to ta ji maganarsa. Abin da nake ja da shi kawai shi ne hanyar da muke bi, wato tsana da kunya da zagi. Wannan hanya an gwada ta, ba ta kai kowa gida ba.

Dalili na farko, jiki ba duka yake a hannun mai shi ba. A 1986 masana sun bi diddigin mutum 540 a ƙasar Danmak waɗanda aka ba da su riƙo tun suna jarirai. Da suka girma sai aka tarar jikinsu ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na waɗanda suka raine su ba, alhali a tukunyar marikansu suka ci suka girma. Mu ma mun san haka a gidajenmu: kishiyoyi biyu suna ci a kwano ɗaya, ɗaya kamar kara, ɗaya kuwa ko ruwa ta sha sai ya zauna mata. Sannan a 2011 likitoci a ƙasar Ostareliya sun ɗora mutum 50 bisa tsananin ƙarancin abinci na sati 10, suka zube sosai. Bayan shekara guda da aka sake auna jininsu, sai aka ga sinadarin da ke tayar da yunwa har yanzu yana sama, wanda ke sa mutum ya ji ya ƙoshi kuwa yana ƙasa. Ma'ana, idan kin rage jiki, jikin yana ɗauka fari aka shiga, sai ya tashi neman abin da ya rasa. Ke nan wadda ta rame ta koma ta cika, da halittar jikinta take kokawa, kuma kowa ya san kokawa da wanda ba ya barci ba sauƙi.

Dalili na biyu, gori ba ya ramar da kowa. A Amurka an bi mutum fiye da 6,000 har tsawon shekara huɗu, aka fitar da sakamakon a 2013. Waɗanda suka ce ana wulaƙanta su saboda jikinsu, haɗarin su faɗa cikin ƙiba mai tsanani ya ninka na sauran sau biyu da rabi, waɗanda kuwa suke cikinta tun farko sun fi sauran daɗewa a cikinta. Ba wuya a gane dalili. Wadda aka yi wa dariya a hanya ba za ta sake fita tattaki ba. Wadda aka daka wa tsawa a likita ba za ta koma awon tansiyo ba. Wadda ranta ya ɓaci kuwa, sau da yawa a kwano take hucewa. Akwai ma wani ɗan gwaji da aka yi a 2007, shi ma a Amurka, da ƴan mata ɗalibai masu takura wa kansu wajen ci. An ba su wani irin fanke mai sukari suka ci. Wasu aka ce masu kada su damu, kowa yakan ci irin wannan jefi-jefi, wasu kuwa ba a ce masu kome ba. Da aka ajiye masu alewa daga baya, waɗanda aka kwantar wa hankali su ne suka ci kaɗan. Waɗanda aka bari da jin laifi sai suka ce tunda an riga an ɓata, bari a ɓata gaba ɗaya.

Dalili na uku, kuma shi ya fi tayar mini da hankali: mace in ta tsani jikinta, ta zama kasuwa ga masu cutar ta. Ku duba tiren masu tallar magani da ke zagaya rumfuna cikin rana. A gefe guda ga ƙwayoyin sa ƙiba, waɗanda ake yi wa laƙabi da "sha ka fashe", a ɗaya gefen ga shayin ramewa da garin narkar da tumbi. Mai talla ɗaya ne, aljihu ɗaya ne, ya ci kuɗinki wajen hawa, ya ci wajen sauka. Da yawa daga ƙwayoyin ƙibar nan deksametazon ne, magani mai ƙarfi da ake ba masu wasu cututtuka bisa takardar lokotoro. In an daɗe ana sha yana kumbura fuska, ya tara ruwa da kitse a ciki, ya tayar da sukari da tansiyo, ya raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana shan sa kuma kada ta yanke shi dare ɗaya, domin yin haka na iya kai ta kwance, sai ta je likita a rage mata shi sannu a hankali, ba tare da jin kunyar faɗin gaskiya ba.

Na ramewar ma ba su fi ba. Wasu maganin zawo ne kawai, wasu na sa fitsari, ruwan jiki suke fitarwa, kitse yana nan inda yake. A farkon shekarun 1990 a birnin Burusel na ƙasar Beljiyam, mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace bayan sun sha wani haɗin itatuwa na rage jiki da aka ba su a wani gidan magani, da yawansu sai da aka koma yi masu wankin ƙoda. A 2010 kuma an janye wani maganin rage ƙiba mai suna sibutiramin daga kasuwannin Turai da Amurka saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki, amma bayan haka an sha kama shi a ɓoye cikin shayi da kofi da ake tallatawa da sunan "ganye ne zalla". In haka ta faru a ƙasashen da ke da masu bincike a kowace kusurwa, ina ga abin da aka ƙulla a leda babu suna babu adireshi? Hatta allurar zamani irin su Ozempic da ake ta magana a kansu, gaskiya ne suna aiki a hannun lokotoro, amma binciken 2022 ya nuna waɗanda suka daina sun mayar da kashi biyu cikin uku na abin da suka rage a cikin shekara guda, sannan a 2024 OMS ta yi gargaɗi cewa akwai na jabu suna yawo. Duk wanda ya ce zai narkar miki da kilo 10 kafin bukin ƙarshen wata, ki tuna ba a fafe gora ranar tafiya.

To mene ne abin yi? Mu yi lissafi irin na ƴan kasuwa. A ɗauki mace mai tsawon mita 1 da santimita 60, nauyinta kilo 90. Bisa ma'aunin da likitoci ke amfani da shi, sai ta sauko wajen kilo 64 kafin a ce ta yi daidai. In ta dubi wannan kilo 26 da ke tsakani, gwiwarta za ta yi sanyi tun ba ta fara ba, kamar wadda aka ce ta biya bashin shekara a rana ɗaya. Amma lafiya ba ta jira sai an kai can. A wani babban bincike da aka bayyana a Amurka a 2002, an ɗauki mutum 3,234 da sukarinsu ya fara hawa amma bai zama ciwo ba tukuna. Waɗanda aka ɗora bisa burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da tafiyar ƙasa ta minti 150 a sati, haɗarin kamuwa da ciwon sukari ya ragu masu da kashi 58 cikin 100, abin da ya zarce na waɗanda aka ba ƙwaya. Ga mai kilo 90, kashi 7 cikin 100 kilo 6 ne da ɗan ɗoriya. Ba lalle ma maƙwabciyar rumfa ta lura ba, amma jini zai lura. Gwiwa ma za ta lura, domin masana sun auna a 2005 cewa kowane kilo guda da aka rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taki.

Kilo 6 kuwa irin adashe ake tara su, kaɗan-kaɗan. Gwangwanin lemo ɗaya na santilita 33 yana ɗauke da sukari kusan giram 35, alhali OMS ta ce kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ma ya fi. Wadda ta mayar da lemon kullum ya zama na ranar Juma'a kawai, ta rage cokalin sukari a shayi da koko, ta riga ta zuba zubin farko. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini, a tuna kuma dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, daddawarmu tana nan. Kwaɗon zogala da na rama, dambu, wake, miyar kuka da ta yakuwa, fura ba sukari, duka a kasuwar nan ake sayar da su, ba sai an nemo abincin Turawa ba. A rage ludayin mai, a rage malmalar tuwon dare, kada dai a kwana da yunwa. Malamai sun sha karantar da mu raba ciki gida uku, na abinci da na ruwa da na numfashi. Tafiya kuwa, minti 30 sau biyar a sati ta isa: a sauka daga kabu-kabu kafin ƙofar kasuwa, a taka zuwa wurin mai sari maimakon aiken yaro, ko mata biyu uku su haɗu su zagaya unguwa bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi.

Akwai wuraren da ya kamata a yi hattara. Mai ciki da mai shayarwa ba lokacin hana kansu abinci ba ne. Mai shan maganin sukari kada ta ɗora wa kanta yunwa ko azumin nafila da niyyar ramewa ba tare da ta tambayi lokotoro ba, domin sukari in ya faɗi ƙasa yana sumar da mutum. Wadda kuma ta ga tana ta zubewa haka kawai, ga ƙishirwa ga yawan fitsari, wannan ba abin murna ba ne, ta hanzarta a auna mata jini.

Wani zai ce, ai wannan tausayin kai da kike faɗi ƙofa ce ta sakaci, kowa zai ci abin da ya ga dama ya ce yana tausaya wa kansa. Amsata ita ce, ku dubi yadda kuke yi da kasuwarku. Ranar da ciniki ya ƙi, ko tumatir ya ruɓe, ko wani ya gudu da bashi, wace ce a cikinku ke cinna wa rumfa wuta don haushi? Babu. Kukan ce kasuwa ce, yau da riba gobe da faɗuwa, ku duba inda aka yi kuskure, gari na wayewa ku share wuri ku baza kaya. Wannan ba sakaci ba ne, shi ne ma sirrin daɗewa a sana'a. To haka ake so ki yi da jikinki. Kin je suna kin ci waina da miyar taushe har kin wuce misali, shi ke nan, suna ya wuce, gobe ki koma kan hanyarki. Maganar da ba za ki iya faɗa wa aminiyarki ba in ta yi tuntuɓe, kada ki faɗa wa kanki.

Kuma kada sikeli ya zama shi kaɗai ne alƙali. Ki duba ko kina iya tashi daga sujada ba tare da dafa bango ba, ko numfashi ya daina sarƙewa in kin ɗauki kaya, ko lambar tansiyo ta sauko, ko barci ya gyaru. Ki samu igiya ki auna tsawonki, ki ninka ta biyu, ki zagaya ta a cikinki daidai wajen cibiya. Burin da likitoci ke so a dosa shi ne ta kai ga haɗuwa, kuma duk ɗan yatsan da aka samu riba ce. Kafin nan kuwa, kada ki jingine rayuwarki ki ce sai kin rame. Ki kai wa tela atamfarki ya ɗinka daidai jikin da kike da shi yau, ki sa lalle, ki je buki, ki shiga hoto da jikokinki. Mutum ya fi kula da abin da yake ƙauna a kan abin da ya tsana.

Daga ƙarshe ina da kira ga sauran jama'a. Alhaji maigida, kai ne ka yaba lokacin da ta cika, to ka zama na farko da zai taya ta, ka daina gori a gaban yara, ka yarda a rage mai da gishiri a tukunyar gida baki ɗaya, domin teɓar taka ma tana bukatar haka, ka je a auna naka tansiyon. Ƴan uwa mata na rumfa da na foyandi, in kun ga ƴar uwa ta ragu ku ce mata sannu da ƙoƙari, in kun ga ta ƙaru ku yi shiru. Suratul Hujurati ta hana mata yi wa mata izgili, ta hana jifan juna da munanan laƙabobi, kuma ba ta keɓe mai ƙiba ko ramammiya ba. Ma'aikatan likita, kalmar "ki rage jiki" kaɗai ba magani ba ce, ku faɗa mata kilo nawa, ta wace hanya, a cikin wata nawa, kuma ku faɗa da mutunci don ta sake dawowa. Iyaye kuwa, ɗiyanmu mata suna jin abin da muke faɗi a kan jikinmu. Kada mu ba su ƙwaya don su cika kafin aure, kada kuma mu bar hotunan cikin salula su sa su ƙi abinci.

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Jiki amana ce da za a tambaye mu a kanta, amana kuwa kulawa ake yi da ita. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a cinikinmu, ya ba mu haƙurin tafiya sannu, tunda sannu ba ta hana zuwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.